Ƙarfen Jan Ƙaramin Jirgi: Yadda Ake Zaɓarsa da Aiki da Shi

A shirinmu na ƙere-ƙere na wannan mako mun tattauna a kan ƙarfen da ake jan ƙaramin jirgin sama da shi a ƙasa, irin jirgin da ake sayen sassansa a harhaɗa da hannu. Ga abin da muka faɗa, domin kai mai karatu da ba ka samu ji ba.

Kada ka ɗauka zancen Turawa ne kawai. A arewa da Umdurman, wajen Wadi Sayyidna, kamfanin Safat ya harhaɗa ƙananan jirage, ciki har da Safat 03 na koyon tuƙi. A Kaduna ma an haɗa Air Beetle guda 60 domin sojan saman Nijeriya, kuma asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, jirgin da mutane ke haɗawa a garejin gidajensu.

To me ya kawo ƙarfen ja? Irin wannan jirgi ba shi da giyar baya. In za a shigar da shi rumfa, sai da ƙarfin mutum. Tayar gaban RV-6A kuwa sake take, tana juyawa yadda ta ga dama kamar tayar keken asibiti. In ka ja gaba, lafiya lau. Amma da ka tura baya sai ta karkace ta toge, jirgin ya kauce, fiffike ya nufi ginshiƙin rumfa. Ƙarfen ja shi ke kama tayar nan, ya zame maka sitiyari.

Wajen zaɓe, bakin ƙarfen za ka fara dubawa. Dole ya zauna daram a wurin da maƙerin jirgin ya tanada a jikin ƙafar gaba, ba a kan murfin taya ba, kuma ya zamana yana da makulli ko fil da zai hana shi buɗewa. Wanda bakinsa ke rawa yakan kuɓuce ana tsakar ja, mai ja ya faɗi ta baya, jirgi kuma ya ci gaba da gangarowa kansa. Tsawonsa ya isa ka tsaya nesa da farfela ba tare da ka duƙa ba. Jirgi mai taya a wutsiya nasa ƙarfen daban ne.

Mai walda a unguwar masana'antu ta Umdurman zai iya ƙera maka shi da bututu, kuma ni ban ga laifin haka ba, muddin an auna a jikin jirgin, ba da ka ba. Shawarata ɗaya: a shafa masa jan fenti mai ɗaukar ido. In kuma tayar gaban jirginka irin mai haɗe da abin takawa ce, tana da iyakar juyawa. Ka wuce iyakar, ka lanƙwasa abin da ido ba ya gani.

Yanzu ga babban haɗarin. Kowa a Khartum ya san habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa daga wajen watan Mayu zuwa damina. Da an hango bangon ƙura, sai gaggawa: a tura jirgi ciki, ko a fito da shi bayan ta lafa. A cikin gaggawar nan ake barin ƙarfe maƙale a taya. Matuƙi a kujerarsa ba ya hango shi, hancin jirgi ya tare. Ya tada inji, taya ta hau ɗan tudu, ƙarfe ya yi tsalle, farfela ta sare shi. Farfela ta tafi ke nan, kuma kamfanin Lycoming, mai ƙera injin irin waɗannan jirage, ya ce bayan irin wannan bugu sai an kwance inji an binciki cikinsa, ko da a waje ba a ga komai ba. Kuɗin aikin ya ninka na ƙarfen sau ba adadi, ga ɓaraguzai da ka iya samun wanda ke tsaye kusa.

Saboda haka matuƙa suke da ƙa'ida: in hannunka zai bar ƙarfen, ko da waya za ka amsa, cire shi tukuna. Kafin ka tsaya gaban farfela ma, tabbatar makunnin inji a kashe yake, makulli na aljihunka, domin wutar irin wannan inji ba ta dogara da batir ba. Juya farfela kaɗan na iya tada shi. In an gama, a sa katako a tare taya gaba da baya, ƙarfen kuma a ajiye shi inda matuƙi zai gan shi da idonsa kafin ya rufe ƙofa.

Mako mai zuwa za mu duba yadda ake ɗaure jirgin da ya kwana a fili.