Tabon da Ke Biyo Bayan Tiyatar Ɗaga Nono



Hukuncin wannan aiki a shari'a na bar wa ma'abota fiƙihu. Abin da ya hau kaina shi ne bayanin halin da fata ke shiga bayan likita ya ajiye wuƙa. Matar da shayarwa, ko rama bayan ƙiba, ko shekaru suka zubar mata da nono, idan ta nemi a ɗaga shi, lalle ta san musanya za ta yi, domin babu hanyar rage fatar da ta saki face a yanke ta, kuma duk yankan da ya ratsa fata sai ya bar tabo. Idan zubewar kaɗan ce, a kewayen baƙin kan nono ake tsayawa. Idan ta yi yawa, sai a bi tsarin da Robert Wise ya bayyana a Amurka a 1956, layi guda ya gangara ƙasa, wani ya kwanta a ƙarƙashin nonon, mahaɗarsu kuwa, inda fata ta fi ɗamewa, ita ce galibi ke jinkirin rufewa, musamman ga mai shan taba ko mai ciwon sukari.

Bakin rauni yakan haɗe cikin mako biyu, har mai shi ta zaci ta warke, alhali a mako na uku ƙarfin wurin bai wuce kamar kashi 20 cikin 100 na asalinsa ba, kuma ko bayan cikar waraka ba ya haura kashi 80. A watannin farko tabon yakan yi tauri, ya yi duhu, ya yi ƙaiƙayi, sa'an nan ya riƙa kwantawa sannu a hankali har shekara guda ko shekara da rabi. Saboda haka a ganina wanda ya yanke wa aikin likita hukunci a wata na uku ya yi gaggawa. Cikin wannan mudda ana lizimtar rigar nono mai tallafi, a guji ɗaukar kaya mai nauyi da farko, a manna fallen silikon idan rauni ya rufe sarai.

Amma mas'alar da ta fi shafarmu, mu baƙar fata, ita ce kiloyid, tabon da ke tsiro ya ƙetare iyakar raunin, irin wanda muke gani a kunnen yarinya bayan huji, ko a ƙirjin wanda wanzami ya yi wa tsaga. Ya fi yawa a cikinmu, kuma yana bin jini. Don haka wajibi ne likita, kafin ya sa ranar tiyata, ya dubi kunnen matar da tsofaffin tabbanta, ya tambayi halin mahaifiyarta da 'yan'uwanta. Idan kuwa kiloyid ɗin ya riga ya tsiro, yanke shi kaɗai kuskure ne, domin sau da yawa yakan dawo, har ya fi na da girma. Akan yi masa allurar sitiroyid a cikin naman tabon kansa, a maimaita bayan 'yan makonni, in kuma yankan ya zama tilas a biyo shi da allurar ko da gashin radiyeshon.