Abin da Kwalejin Katsina ta Haifa

Malaman ofis, a saurara. An buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don horon malaman makaranta. To, ku dubi inda alli ya kai almajiranta. Ahmadu Bello ya koyar a Sakkwato, aka naɗa shi Hakimin Raba cikin 1934, Sardauna cikin 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin Midil ta Bauchi, ya zama Firayim Minista cikin 1957. A shekarar nan Isa Kaita ya kama Ma'aikatar Ilmi. Dukansu ba wanda ya cika shekara 50 a lokacin. Saboda haka hakimin da ya ƙyale uba ya ɓoye yaro ran ɗaukar 'yan makaranta, ko a Zakka ko a Batsari, ƙasarsa ya jawo wa hasara.