Kafin Mu Ci Bashin Sola: Jawabin Ma'ajiyar Ƙungiya a Taron Cikar Shekara

 

Tunda aka fara maganar ƙungiya za ta ba da bashin sola, ake tare ni a kasuwar Tudun Wada ana tambaya: in an kafa faranti a kan rufi, zai ja hita da hunturu? Ni ma da haka na zata. Bara na jona hitar ruwa, ruwan wankan yara bai ko yi ɗumi ba batir ya ƙare, muka kwana a duhu.

A ajin yaƙi da jahilci na koyi karanta lambobin jikin kaya. Farantina wat 300 ne. Ƙwan fitila wat 10, fanka wajen 60, amma hitar ruwa 1,000 ce zuwa sama, ta ɗumama ɗaki kuwa har 2,000. Kun ga ai ba sa'o'in juna ba ne. Ga ƙurar Disamba da Janairu tana lulluɓe farantin, sai da gogewa.

To, ga shawarata. Sola ta haske ce da fanka da cajin waya. Hita sai an kawo wuta, kuma tana cin kuɗi. Ruwan wanka, a shanya baƙar jarka tun hantsi, da la'asar ya yi ɗumi kyauta. Kaskon gawayi kuwa, don Allah kada a kwana da shi a ɗaki a rufe. Iskarsa tana kisa cikin barci.

Mu yi lissafi kafin mu sa hannu. Allah Ya ƙara mana haɗin kai.