Yaron da ba ya waiwayowa idan an kira shi



Wataƙila kun san irin yaron nan. Ya kai shekara uku bai fara magana ba, a kira sunansa ba ya juyowa, amma da ya ji ƙarar babur sai ya toshe kunne yana kuka. Ba ya haɗa ido da mutane, yakan wuni yana jera duwatsu. Sai a ce iska ce ko sammu.

Likitoci na kiran wannan otizim, wasu na cewa galahanga. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma gado na da hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba allurar rigakafi ke kawo shi ba. Babu maganin da ke cire shi, don haka kada a sayar da bijimi saboda wanda ya ce zai cire.

Makiyaya, ku ji wannan. A Amurka akwai Temple Grandin, an haife ta a 1947 da wannan lalura, kuma ta yi jinkirin magana. Ta zama farfesar ilimin dabbobi. Ita ta lura cewa inuwa a ƙasa ko sarƙa mai lilo kan sa saniya ta toge, ta tsara hanyar shanu mai lanƙwasa wadda mahauta da dama ke amfani da ita. Ba kowane yaro zai kai nan ba, wani zai buƙaci kulawa har girmansa, amma ita ai koya mata aka yi, ba a ɗaure ta a turke ba.

To me za a yi? A fara kai shi asibiti a duba kunnensa, kada kurumta ce. In yana farfaɗiya, wannan kam tana da magani. A riƙa yi masa gajeriyar magana ana nuna abin da hannu. Canji na ba shi wahala, don haka kafin a tashi ƙaura a riƙa faɗa masa, a bar masa ƙwaryarsa da tabarmarsa da ya saba. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro.

A kula da rijiya da rafi, domin wasunsu kan sulale ba a sani ba. Ranar kasuwar iyaka kuwa, a ɗinka lambar wayar mahaifinsa a cikin rigarsa.