Zauren Mahaifina da Buhun Siminti: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, malamanmu iyayenmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai. Sakatare ya ce in yi magana a kan abin da na sani. Ni kuwa abin da na fi sani a 'yan shekarun nan shi ne yadda na kusa rushe gidanmu da hannuna, da kuɗina, ina tsammanin gyara nake yi.

Gidan yana wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Waɗanda suka taɓa raka ni hutu za su tuna zauren, mai daurin guga, da zankwaye a kansa. Kakanmu ya sa aka gina shi da tubali da jan birji, aka rufe da azarar giginya. Da mahaifinmu ya rasu, iyali sun yi yawa, ƙannena biyu za su yi aure, ga shi babu wurin faɗaɗawa. Ku kun san ƙasarmu: gona tana farawa daga jikin katanga, kowane taku da mai shi, gado ya yanyanka ta. In ka ci ƙafa goma ka ci gero. Sai wani ƙanena ya ce a rushe zaure, a yi ɗakuna biyu na bulo da kwano. Na ƙi. Amma don in nuna ni ma ɗan boko ne, na kawo wani ɗan kwangila daga birni ya shafe zauren duka da siminti.

Ya yi kyau damina biyu. A ta uku, cikin watan Agusta, aka yi ruwa kwana biyu, sai bangon gabas ya zube da asuba. Allah Ya kiyaye, babu kowa a ciki.

Wani tsohon magini na garinmu, wanda ban ko shawarce shi ba tun farko, shi ya zo ya duba. Ya ɓamɓaro simintin da hannu, ƙasar da ke baya jiƙe sharkaf. Ya ce, “Alhaji, ƙasa numfashi take yi, kai kuwa ka toshe mata hanci.” Bayaninsa ke nan: siminti ba ya kama ƙasa da gaske, yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya yi ta cin bango daga ciki kana kallon waje sumul. Yaɓen ƙasa kuwa in ya jiƙe rana ta fito ya bushe. Magabata suna da makuba, daga kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, su ke kare bango da rufi. Ya kuma nuna mini cewa ɗan kwangilar ya gajarta indararo don ado, ruwa yana sauka daidai gindin gini. Wallahi na ji kunya fiye da ranar da na faɗi lissafi a aji uku, malaminmu yana nan zaune, ya sani.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A bakin tekun Kenya akwai tsohon garin Lamu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, kamar yadda ta sa tsohon garin Zanzibar a 2000. Gidajensu na dutsen teku ne da farar ƙasa, kuma su ma siminti yana riƙe musu danshi da gishiri a bango. Bambancin shi ne a can sai ka nemi izini kafin ka taɓa tsohon gida ko ka ɗora masa bene. Kusa da mu, tsohon garin Agadas ya shiga wannan jeri a 2013, da ginin ƙasa irin namu.

A nan muna da dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, amma abin da aka ayyana kaɗai take karewa, irin su Gidan Makama da ganuwar Kano. Ko su ɗin ma, a 2010 muna ji muna gani aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. To in ƙofar birni ba ta tsira ba, wa zai tsaya wa zauren wani manomi a Makoɗa ko Kunci? Babu, sai 'ya'yansa, wato mu da muke aiko kuɗin bulo daga birni.

Ba na cewa kowa ya zauna a ɗakin ƙasa. Matan gidanmu sun gaji da yaɓe kowace shekara, kuma suna da gaskiya. Azara ta yi tsada, giginya ta ƙaranta, kududdufin da ake ɗibar ƙasa an cike shi. Abin da muka yi a ƙarshe shi ne sulhu. Aka sake ɗaga bangon da tubali bayan kaka, aka tsawaita indararo, aka yi wa gindin gini dakali mai gangara. Sababbin ɗakunan muka yi su da bulo a bayan gida, inda turken awaki yake a da, muka bar rata tsakaninsu da tsohon gini don kada ruwan kwano ya zuba masa. Azara ba ta ɗaukar faɗi fiye da wajen ƙafa shida ba tare da dabara ba, shi ya sa ɗaura bakan gizo sai gwani, kuma maginin nan shi kaɗai ya rage mai iyawa a yankinmu. Ya haura saba'in, yara biyu ne kawai ke bin sa, ɗayan ma yana maganar sayen babur.

Shugaba, ina roƙon a sa batun yaran nan biyu cikin abin da kwamiti zai duba yau. Wanda kuma yake so ya ga zauren, da zafin Afrilu ya fi daɗin zuwa, zai tarar da dattawan unguwa sun riga shi shimfiɗa tabarma a ciki.