Darasin Jirgin Mendi: Wanda Ya Ga Mai Nutsewa, Me Ya Rage Masa?

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikilisiyoyi a Ƙofar 'Yandaka, Katsina



Mun san wasu za su yi mamaki da suka ji cewa yau za mu yi magana a kan jiragen ruwa da suka nutse a teku. Mu mutanen tudu ne, da yawa cikinmu ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Amma muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku, domin labarin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara daga inda muke zaune. Ta wannan ƙofa, Ƙofar 'Yandaka, Gwamna Lugga ya shigo Katsina a shekarar 1903. Bayan shekara takwas, a 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga nan gyaɗa da fatu da ƙiraga na ƙasar nan suka riƙa gangarawa Legas, ana loda su a jiragen ruwa zuwa Liverpool a Ingila. Yawancin jiragen nan na kamfanin Elder Dempster ne, wanda ya saba ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma aikin hura wutar inji da sauran aikin ƙarfi. Ta wannan hanya ta ruwa joji-joji da 'yan kasuwa da 'yan mishan suke zuwa suna komawa. Ta ita kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ya je Ingila a 1921, a tafiyarsa ta aikin Hajji.

Hanyar nan ta ci rayuka, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ran 28 ga Maris 1915 jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbi jirgin Falaba, wanda ya taso daga Liverpool zai zo Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. Ran 28 ga Nuwamba 1917 aka harbi jirgin Apapa da ya taso daga Legas, saura kaɗan ya isa Liverpool, mutum 77 suka halaka. Dukansu biyu na Elder Dempster ne. Amma jirgin da muke so mu tsaya a kansa yau, ba abokan gaba ne suka nutsar da shi ba. Sunansa Mendi.

An ƙera Mendi a Glasgow a 1905, nauyinsa tan 4,230, shi ma yana jigila tsakanin Liverpool da gaɓar tekunmu. A 1916 gwamnatin Ingila ta ɗauke shi haya domin jigilar soja. A Legas aka gyara ɗakunan kayansa suka zama wurin kwanan mutane. Aikinsa na fari shi ne kai sojojin Najeriya Darussalam, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, domin yaƙi da Jamusawa. A rundunar nan Hausawa da sauran mutanen Arewa suna da yawa ƙwarai, har Hausa ce harshen bariki. Wato 'ya'yan ƙasar nan sun kwana a cikin jirgin nan makonni, sun zagaya ta ƙasan Afirka, sun sauka lafiya a ƙarshen 1916. Waɗanda suka hau bayansu, suka kwanta a katakon da suka kwanta, su ne ba su sauka ba.

Ran 16 ga Janairu 1917 Mendi ya tashi daga Cape Town da mutum 823 na rundunar leburori ta baƙaƙen Afirka ta Kudu. Ba a ba su bindiga ba, domin gwamnatin ƙasarsu ba ta yarda baƙar fata ya riƙe makami a yaƙin Turawa ba. Aikinsu a Faransa shi ne dako a tashar jiragen ruwa, da saran itace, da gyaran hanya. Yawancinsu mutanen karkara ne kamar iyayenmu, ba su taɓa ganin teku ba, kaɗan ne suka iya iyo. Jirgin ya sake tsayawa a Legas aka ɗora masa igwa a baya, ya wuce Plymouth a Ingila, daga can ya nufi Le Havre a Faransa, wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Brisk yana yi masa rakiya.

Da asubar 21 ga Fabrairu 1917, wajen ƙarfe biyar, hazo ya rufe teku kudu da tsibirin Wight. Mu da muka san hazon hunturu, lokacin da direba ba ya ganin abin da ke gabansa a hanyar Jibiya, mun san abin da hankali yake cewa: ka rage gudu, ka riƙa danna ham. A teku ma doka ke nan. Amma wani babban jirgi mai suna Darro, mai tan sama da 11,000, da ya nufi Ajantina, ya taho da cikakken gudu, ba ya busa jiniyar hazo. Ya soki Mendi a gefen dama ta wajen gaba, daidai inda mutane suke barci. Wasu nan take suka mutu. Cikin minti 25 jirgin ya nutse.

Akwai wani dattijo a cikinsu, Rabaran Isaac Wauchope Dyobha, wanda ya haura shekara 60. Labarin da mutanen Afirka ta Kudu suka gāda baki da baki ya ce, da jirgin ya fara karkata, shi ne ya ɗaga murya ya kwantar wa mutane hankali, ya tuna musu cewa ko da yake ƙabilunsu dabam-dabam ne, 'yan'uwan juna ne, su fuskanci mutuwa tare ba da firgita ba. Shi ma a nan ya rasu.

Mutum 646 suka mutu: 616 'yan Afirka ta Kudu, 30 ma'aikatan jirgin. Da yawa ba karon ne ya kashe su ba, sanyin ruwa ne. Suna riƙe da katako da abin da hannu ya kama, suna kira cikin duhu, har ƙarfinsu ya ƙare. Ma'aikatan Brisk suka sauke kwale-kwalensu suka yi ta tsamo waɗanda suka iya.

To ina Darro? 'Yan'uwa, a nan zuciyar jawabinmu take. Darro bai nutse ba, bai kuma yi nisa ba. Ya tsaya a wurin kusan awa huɗu, yana da kwale-kwalen ceto, amma ko ɗaya bai sauke ba. Kotun binciken da ta zauna a Ingila a wannan shekara ta sami kyaftin ɗinsa, Henry Stump, da laifin gudu cikin hazo, da rashin busa jiniya, da rashin kai agaji. Hukuncinsa kuwa, an dakatar da takardar tuƙinsa na shekara guda. Rai 646, shekara guda.

Bayan ruwa ya ci su, mantuwa ta so ta ci sunansu. Gaskiya ne majalisar Afirka ta Kudu ta miƙe tsaye don girmama su ran 9 ga Maris 1917. Amma da yaƙi ya ƙare, baƙaƙen 'yan Afirka ta Kudu da suka yi aiki a rundunar nan ba a ba su lambar yaƙi ba, ga shi Turawan da suka shugabance su sun samu. Kowa a nan ya ji labarin Titanic na 1912, har fim an yi. Mutum nawa a ɗakin nan suka taɓa jin sunan Mendi kafin yau? Kamar yadda kowa ya san sunan Lugga da ya shigo ta ƙofar nan, amma wa zai kawo mana sunan soja guda ko ɗan dako guda da ya taka a bayansa?

Abin da ya hana labarin mutuwa shi ne talakawa. Iyalai da majami'u da makarantun baƙaƙe suka riƙa taruwa kowace shekara suna tunawa, ko a zamanin wariyar launin fata. An rubuta sunayen mamatan a dutsen tunawa na Hollybrook a Southampton. A 1974 wani mai ninƙaya ya tabbatar da inda gawar jirgin take a ƙarƙashin teku. Bayan wariya ta faɗi, Afirka ta Kudu ta sa wa lambar girmanta ta jarumtaka sunan Mendi. A 2018 Firayim Ministar Birtaniya Theresa May ta miƙa ƙararrawar jirgin ga Shugaba Cyril Ramaphosa. Shekara 101 kafin ƙararrawar ta isa hannun jikokin mamatan.

Me wannan yake koya mana? Abu uku.

Na fari, hatsari yakan fara ne daga ganganci. Darro gudu ya yi inda ya kamata ya yi a hankali. Ba sai mun je teku ba. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife a kogin Kwara kusa da Wara a Jihar Kebbi da mutane masu yawa. A Nuwamban wannan shekara wani ya kife a madatsar Watari a Bagwai, Jihar Kano, yawancin mamatan yara ne 'yan Islamiyya. A Mayun 2022 aka yi irinsa a Mai'aduwa, nan jiharmu. Lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, rashin rigar ceto, su ne ake ta ambata. Dattawa, idan matasanmu ko zumuntar mata za su tafi taro inda za a haye ruwa, hakkinmu ne mu tambaya: mutum nawa jirgin yake ɗauka, akwai rigar ceto? Gara a makara da a rasa rai.

Na biyu, mai ganin wanda ke nutsewa ba ya tambayar ƙabilarsa ko addininsa. Mun san misalin Basamariye tun muna makarantar Lahadi. Ma'aikatan Brisk ba su san yaren waɗanda suke tsamowa ba. Mu da muka san zafin a gan ka a kau da kai, bai kamata a same mu da halin Darro ba. Idan mota ta faɗi a hanyar Batsari, ko gobara ta kama gidan maƙwabci, ko ambaliya ta rushe unguwa, wanda yake kusa shi ne mai kwale-kwale. Kada mu tsaya nesa muna kallo, muna cewa ba namu ba ne.

Na uku, mu rubuta sunaye. Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta sayi littafi mai kauri, sakatare ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya rasu, da garinsu, da ranar, da sanadin. Matasa su zauna da tsofaffinmu tun suna da rai, su tambaye su: wa ya tafi yaƙin Jamus a gidanmu, wa ya tafi Bama, wa ya tafi bai dawo ba? Abin da aka bar wa baki kaɗai, ƙasa takan rufe shi tare da mai shi. Ba sai mun jira shekara 101 wani ya kawo mana ƙararrawa ba.

Muna roƙon shugaban taro, kafin addu'ar rufewa, mu miƙe tsaye minti guda domin mutanen Mendi, da na Falaba da Apapa, da yaranmu na Wara da Bagwai da Mai'aduwa.