Dayod: Ƙofar Da Ke Buɗewa Ta Gefe Ɗaya



An nemi in yi magana a kan dayod, 'yar na'urar nan da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma da wuya a sami rediyo ko cajar waya da babu ita a ciki. Aikinta shi ne ta bar wutar lantarki ta wuce gaba, ta tare ta in za ta komo. John Ambrose Fleming ne ya ƙera ta kwalba a Ingila a 1904. Ta yanzu galibi da silikon ake yin ta, kuma sai ƙarfin wuta ya kai kimanin bolt 0.7 take buɗewa.

Iri-iri ne. Wutar gidajenmu tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka ake haɗa dayod huɗu su miƙar da ita hanya ɗaya. Dayod Zena kuwa tana tsayar da ƙarfin wuta a ma'auni guda, don kada na'ura ta ƙone. Sai LED mai ba da haske, wadda Japanawa uku suka sami lambar Nobel a 2014 saboda samar da shuɗiyarta.

To ƙannena, sau da yawa kayan da ake jefarwa a juji, dayod ɗaya ce ta mutu a ciki. Wanda ya iya gwada ta da mita, ya sami sana'a. Ku riƙe darasin kimiyya da kyau. Allah ya ba ku sa'a.